Mu daidaita: me za mu kira kiɗan da ake kunna wa mawaƙa daga kwamfuta?

Jama'a, ga wata kalma da ke ba masu rubuta labaran waƙa wahala. Turawa na cewa backing track, wato sautin da aka riga aka ɗauka a sitidiyo, a zo wurin wasa a kunna shi daga kwamfuta, makaɗa da mawaƙi kuma suna kan dandamali suna yin nasu a kansa. Shawarwari sun shigo da yawa, bari in bi su, in faɗi wadda na tsaya a kanta.

Da farko mu cire mamin daga cikin zancen. Da yawanku kun ce ai muna da kalma, mamin ne. A'a. Mamin shi ne mutum ya riƙe makirufo yana motsa baki, muryar kuwa daga faifai take fitowa. Irin abin da ya kashe kasuwar Milli Vanilli ke nan: samari biyu da furodusa Frank Farian ya haɗa a Jamus, waɗanda ma ba su ne suka rera waƙoƙin ba. A 1989 faifan ya maƙale musu ana tsakiyar wasa a Amurka, a Nuwamban 1990 kuma aka ƙwace kambun Grammy, babbar lambar yabo ta waƙa a Amurka, da aka ba su. Haka yarinyar da ta tsaya a bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijin a 2008, muryar wata yarinyar daban aka ji. Wannan mamin ne, kalmar ta zauna a bakin mutane, mu bar ta inda take.

Abin da muke nema wa suna daban ne. A wasan Super Bowl na 2014, wato wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka da ake gayyato mawaƙa su yi wasa a lokacin hutunsa, an ga jitar 'yan ƙungiyar kiɗa ta Red Hot Chili Peppers ba a jone da komai ba. Mai kaɗa musu jitar bes, Flea, ya fito ya yi bayani cewa masu shirya taron ne suka ce sai dai a ɗauki kiɗan tun da wuri, amma muryar mawaƙin kai tsaye aka ji ta. To, wa zai ce mawaƙin nan mamin ya yi?

Wani ɗan'uwa ya ce mu ce "kiɗan naɗi", tunda naɗar sauti ake yi. Malam, rubuta "an yi kiɗan naɗi a Landan" ka gani, kowa zai tambaye ka wa aka yi wa sarauta. Ta faɗi tun ba a je ko'ina ba.

"Kiɗan baya" kuwa fassarar kalma da kalma ce. Mai karatu zai ɗauka kiɗan da ake sa wa fim ne a ƙarƙashin magana.

"Kiɗan gwangwani" ta ba ni dariya, kuma na san za ta yi farin jini. Matsalarta ita ce ta yanke hukunci tun kafin a saurari shari'a. Zagi ce. Ɗan jarida ba zai sa ta a kanun labari ba sai in yana neman rigima, alhali ba duk mai amfani da abin ne maha'inci ba. Ƙungiyar Queen tana da wata shahararriyar waƙa ta 1975 mai wani gaɓa da aka jera muryoyi bisa muryoyi a sitidiyo, mutum huɗu ba su iya rera shi a fili. In an zo wurin sai su sauka daga dandamali, a kunna tef, in ya wuce su dawo su ci gaba. Ba wanda suka ɓoye wa. Ku riƙe ta don ranar tsokana, amma ba za ta zama suna ba.

Wadda ta fi ba ni wuyar yarwa ita ce "amshin na'ura", da wata yayarmu ta kawo. Yaya, kalmarki tana da daɗin faɗi, kuma daga gida take. Sai dai amshi murya ce, abin nan kuwa sau da yawa fiyano ne, ko goge, ko ƙaho, ko wata jitar ta biyu. Abu na biyu ya fi girma: ɗan amshi bin mawaƙi yake yi. Mawaƙi ya ja baiti, a jira shi. Wani babba ya shigo fili, ya juya ya wasa shi, kalangu ya bi shi duk inda ya nufa. A nan kuwa abin ya juye. Mai ganga na sanye da abin ji a kunne, yana sauraren wani ƙwas-ƙwas da ke ƙirga masa bugu, wanda 'yan kallo ba sa ji. Shi yana bin kwamfuta, sauran suna bin sa. Ba damar a ƙara baiti don fili ya ɗauki zafi, sai in an tsara hakan tun farko. In aka kuskure bugu ɗaya, na'ura ba ta jiran kowa. 'Yan ƙungiyar The Who sun ɗanɗana wannan a garin Newcastle na Ingila a 1973, lokacin da tef ɗinsu ya shigo ba daidai ba, mai kaɗa musu jita, Pete Townshend, ya fusata har wasan ya tsaya. Abin da ke jan ragama ba a kiransa amshi.

Ni dai na tsaya a kan "kiɗan ciko".

Ciko shi ne abin da ake ƙarawa don abu ya kai yadda ake so. Ƙungiya mai mutum huɗu ta yi faifai da kayan kiɗa goma sha biyu, kuɗin yawo da makaɗa goma sha biyu gari-gari ba ƙarami ba ne, sai a bar wa kwamfuta sauran. Kalmar ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma wanke kowa ba, domin Bahaushe ya san akwai cikon da ake faɗa, akwai wanda ake ɓoyewa a ƙarƙashin tufafi.

Ku gwada ta a jimla, nan ake gane kalma. "Da ciko suka yi wasan." "Cikonsu ya tsaya ana tsakiyar waƙa." "Mu ba ma wasa da ciko." Ko labarin 2022, da ƙungiyar Falling in Reverse ta fasa wasa a wani taro a Amurka saboda kwamfutocinta sun ɓata: "Sun fasa wasa don rashin ciko." Duk sun zauna, ba sai an yi dogon bayani ba.

Na ga ƙorafin mai cewa to, mawaƙinmu na biki fa, wanda zai miƙa wa mai na'ura filashi, ba makaɗi ko ɗaya a bayansa? Ai wannan ba ciko ba ne, shi ne kiɗan gaba ɗaya. Gaskiya ne, ƙanena, kalmar ta ɗan matse a nan. Amma in muryarsa ce ke fita, a ce yana rerawa a kan kiɗan faifai, ya wadatar. In kuwa waƙar ce sukutum har da muryarsa, shi yana tsoma baki nan da can yana miƙa wa jama'a makirufo, mamin ya yi, ko da zai ji haushin a faɗa.

Saura ƙwas-ƙwas ɗin nan na kunnen mai ganga. Na ba shi sunan wucin gadi, "bugun jagora". Masu aikin sitidiyo a Kano da Yamai, ku da kuke jin sa kullum, me kuke ce masa a tsakaninku?