Ƙaramin injin zarto na hawa bishiya yana mutuwa in na karkata shi, kuma wanne ya kamata in saya?

Sale_Mai_Igiya:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Sana'ata rage rassan bishiya ce a gidajen mutane nan Kaduna, yawanci darbejiya da mangwaro da turare, wani lokaci madaci a tsoffin gidajen GRA. Injin da nake hawa da shi ƙaramin nan ne mai mariƙi a sama, ɗan Chana mai cc 25, ko sunan kirki babu a jikinsa. A ƙasa yana tashi lafiya lau, silo ɗinsa daidai, amma da zarar na hau na karkata shi gefe zan yanki reshe sai kaji ya ɗaga murya da kansa ba tare da na taɓa totur ba, can kuma sai ya mutu, kuma in ya yi zafi kafin ya sake tashi sai na ja igiya har kafaɗa ta gaji, ga mutum a rataye a sama. Na biyu, mai ba ya zuwa wa sarƙa sosai, har hayaƙi nake gani a ƙarfen da sarƙar ke zagayawa. Na kai wa wani mai gyaran janareto ya murɗa sukurorin kafireto, yanzu ihu yake sosai amma in ya shiga itace babu ƙarfi.

Sannan ogana ya ce zai cika min kuɗi in sayi na kamfani. An ce min Stihl MS 201 ko MS 194 T, wani ya ce Husqvarna T540, wani kuma ya ce Echo 2511. Wanne zai iya da ƙurarmu da irin man da muke samu?

Baba_Makaniki:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai kada ka sake tada injin nan sai ka mayar da sukurun da aka murɗa. Ihun nan da kake ji ba ƙarfi ba ne, yunwar mai ce. A kafireton akwai sukuru uku, L na ƙaramin gudu, H na babban gudu, sai T (wasu LA suke rubutawa) shi ne na silo. Mai janareton ya ɗaure H ne, iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, kuma ka tuna a irin wannan injin man da ke cikin fetur shi kaɗai ne ke shafa fistin, to in ka rage fetur ka rage man shafawa kenan, ka ci gaba da aiki a haka fistin zai kama silinda, shikenan an gama. Ka ɗaure H da L a hankali har su zauna, ban da ƙarfi, sannan ka kwance kowanne kamar zagaye ɗaya, daga nan ake fara saiti. Lafiyayyen inji in ka ba shi totur duka a iska za ka ji yana ɗan gurnani gur-gur, in ya shiga itace sai muryar ta washe. In tun a iska muryar ta washe tas kamar ta sauro to mai ya yi masa kaɗan.

Amma asalin ciwon ba a sukuru yake ba. Inji ya canza murya saboda an karkata shi, abu biyu nake zargi. Na farko mai sauƙi ne, filtar da ke cikin tanki a bakin tiyo, ita ya kamata ta riƙa faɗawa duk inda mai ya kwanta, in tiyon ya ƙage ya yi tauri sai ta tsaya sama tana shan iska. Ka lanƙwasa waya ka zaro ta ta bakin tanki ka duba, in tiyon ya tsage ko ya yi laushi kamar cingam ka canza su duka biyu, kuɗinsu ba wani abu ba ne. Na biyu shi ne wanda bana so ya zama, wato oyil sil na kiranshaf (robar da ke toshe gefensa kar iska ta shiga) ya ci, ko robar da ke tsakanin kafireto da silinda ta tsage, inji yana shan iskar ɓarauniya. Alamarsa ita ce wadda ka faɗa sak, silo ya hau da kansa in an kwantar da shi gefe ɗaya. Mai gyara na gaske toshe bakin kafireto da na salansa yake yi ya hura iska kamar rabin bar a ma'aunin iska ya ga ko allurar ma'aunin za ta sauka. Duk wanda ya ce zai gyara wannan da sukudireba kawai ka karɓi injinka ka tafi.

Maganar ƙin tashi da zafi kuma, idan ya mutu ka buɗe murfin tanki ka saurara, in kaji ya ja iska fuuu sannan ya tashi nan take to ƙofar numfashin tankin ce ta toshe. Kuma dena jan cok in injin na da zafi, kana cika shi da mai ne fulogi ya jiƙe. Ka ciro fulogin ka gani, tazarar bakinsa wajen 0.6 zuwa 0.7 mm ce, kalarsa ta zama ruwan ƙasa. Fari fat yunwar mai, baƙi da maiƙo mai ya yi yawa ko ragar salansa ta toshe da gawayi. Tunda ma za ka kwance salansar, leƙa ta ramin ka kalli jikin fistin, in ka ga zane-zane a tsaye to kar ka ƙara kashe ko sisi a kansa.

Wane mai kake zuba wa sarƙar? Ina da zargi.

Sale_Mai_Igiya:

Baba na gode Allah ya ƙara girma. Baƙin mai ne wanda aka juye daga mota, wajen masu sabis nake karɓa. Fetur kuma gaskiya wani lokaci wajen 'yan bumburutu, man 2T ɗin da ake haɗawa da fetur da ido nake zubawa.

Baba_Makaniki:

Ai dama na sani. Baƙin man da aka juye cike yake da garin ƙarfe da datti, shi ke cinye famfon mai, kuma baya kama sarƙa, watsewa yake tun kafin ya zagayo. In ba ka samu man sarƙa na asali ba ko sabon man inji ka zuba, ya fi wannan sau dubu. Cire ƙarfen sarƙar ka kankare kwatar da take bi, akwai ɗan rami a gindinsa inda mai ke shiga, garin itace da ƙaron mangwaro suna toshe shi kullum. Sai ka tada injin ba tare da ƙarfen ba ka ga ko mai na tsatsowa, in baya fitowa to giyar roba da ke bayan kuloci mai juya famfon ta cinye. In ka mayar ka nuna bakin ƙarfen ga kwali ka ba shi wuta, ya kamata ka ga layin mai.

Zancen zuba 2T da ido kuwa ka bari. Na kamfani 50:1 suke so, wato 20 ml a lita ɗaya, 100 ml a lita biyar, da mai mai kyau. 'Yan Chana da yawa 25:1 aka rubuta musu, 40 ml a lita. Sirinji na kemis ya ishe ka awo. Ka sayi wanda ka ga dama cikin huɗun nan, in da wannan fetur ɗin da wannan awon za ka ci gaba, shi ma nan za ka dawo da shi.

Abban_Hanifa_Leeds:

Sale sannu da ƙoƙari. Ni aikin da nake yi kenan a nan Ingila, bari in ɗan faɗi abin da na sani kan huɗun, duk da yanayinmu ba ɗaya ba ne.

Ba ajinsu ɗaya ba, nan mutane ke ruɗewa. MS 201 cc 35.2 ne, nauyi wajen kilo 3.7 ba ƙarfe ba sarƙa, ƙarfinsa 1.8 kW, shi ya gaji MS 200 T wanda har yau tsofaffin ma'aikata ke nema ido rufe. T540 XP na Husqvarna shi ne kishiyarsa, cc 37.7, sabon da suka kira Mark III kuma ya kai 39. Waɗannan biyun na sare manyan rassa ne da sauke bishiya gunduwa-gunduwa daga sama. MS 194 T cc 31.8 ne, ya fi sauƙin kuɗi da nauyi, na matsakaicin aiki. Shi kuwa Echo CS-2511T ɗan Japan cc 25 ne kamar naka amma kilo 2.3 kawai, in ka rataya shi a ƙugu mantawa kake da shi, kuma wallahi yankansa ya fi girmansa. Ni a ganina wanda yawancin aikinsa rage rassan darbejiya da mangwaro ne, yini guda yana sama cikin rana, nauyi ya fi cc muhimmanci, domin gajiyar hannu ita ke sa mutum ya fara ganganci. Amma madaci mai kaurin cinya zuwa sama, 2511 zai yanka amma za ka wahalar da shi.

Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne harafin da ke bayan lambar. MS 201 TC-M yana da M-Tronic, T540 XP kuma AutoTune, ma'ana babu H da L da za ka murɗa, ƙaramar kwamfuta ce ke auna mai da kanta ta wani ɗan bawul na lantarki. Abu ne mai daɗi, mai janareto ba zai samu abin murɗawa ba, amma bawul ɗin baya son datti a fetur ko kaɗan, kuma in ya rikice sai wurin dila mai na'urar dubawa. Anan dila na bayan gida, a Kaduna fa? Ka fara bincika wannan. In ka samu MS 201 T mai kafireto na gargajiya ko 194 T ko Echo, su Baba za su iya buɗe su da hannu. Kuma ka yi hattara da jabu, ana buga sitika mai ruwan lemo irin kalar su Stihl a kan komai yanzu, ka duba lambar siriyal kuma ka saya inda za su ba ka rasit.

Sai magana ɗaya da ba ka tambaya ba. Anan ba a yarda ka yi aikin kuɗi da wannan injin a sama ba sai da takardar horo, waɗanda aka fi sani da CS38 ta hawa da ceto da CS39 ta yanka daga kan igiya. Dalili shi ne mariƙan biyu sun matsu kusa da juna, in hancin ƙarfen ya taɓa wani reshe injin ya harbo baya, ba ka da tazarar da za ka danne shi, kuma fuska da wuya yake nufa. Hannu biyu a kan inji, babban yatsa ya zagaye mariƙin, igiya biyu a wuri biyu daban kafin ka fara yanka saboda in ka yanke ɗaya ɗayar ta riƙe ka, birkin sarƙa a kulle duk lokacin da za ka matsa. Kuma kar a yi aikin ƙasa da shi, na ƙasa mai mariƙin baya ne. Ƙananan rassa zarton hannu ya fi sauri ma.

Dan_Zariya77:

Yaya Abban Hanifa duk abin da ka faɗa gaskiya ne amma hannu biyu ɗin nan fa a faɗa ne da sauƙi, kana kan darbejiya reshe na saman wayar wuta da kwanon maƙwabci, wa zai riƙe maka reshen? kowa da hannu ɗaya yake yi a nan. Ni shawarata ma ya duba na batir kawai, Makita na da DUC254 mai 18V, Stihl na da MSA 161 T, babu kafireto babu fulogi babu jan igiya a sama, ka danna ya tashi ka saki ya yi shiru har kana jin yaronka na ƙasa in yana maka magana, kuma masu gida ba sa ƙorafin ƙara.

Abban_Hanifa_Leeds:

Igiya ce za ta riƙe maka reshen malam, ka ɗaure shi ta wani reshe na sama yaron ƙasa ya sauke a hankali, ko ka yi yanka biyu, ɗaya ta ƙasa ɗaya ta sama da 'yar tazara, ka kashe inji ka rataye sannan ka karye shi da hannu ka jefa inda kake so. Hannun hagu da ke riƙe reshe kusa da sarƙa shi ne aka fi ɗinkewa a wannan sana'ar. Kusa da wayar wuta kuwa sai an tabbatar an kashe layin, ɗanyen reshe na ɗaukar wuta.

Na batir na yarda da kai, anan ma da yawa sun koma T540i XP da MSA 220 T. Matsalar ita ce batir ɗaya baya kai yini, sai biyu ko uku, ga caja, kuma zafi na kashe su, in ka bar shi cikin rana a watan Afrilu zai ƙi caji sai ya huce. Wanda ke da sola a gida zai ji daɗinsa.

Baba_Makaniki:

Ku bar yaron nan ya fara duba tiyonsa tukuna. Sale, ko wanne ka ɗauka, ka je kasuwa ka tambayi filtar iska da sarƙa da sifroket ɗinsa (giyar da ke juya sarƙa) kafin ka biya kuɗin injin, wanda aka ce sai an yi oda daga Legas ko Dubai ka san zaman jira za ka yi ranar da ya tsaya. Lokacin hunturu filtar iska kullum ake wanke ta da yamma, ka ja cok kafin ka cire ta kar ƙura ta faɗa maƙogwaro. Sannan rashin ƙarfin da kake ji rabi daga sarƙa ne, bawon darbejiyar bakin titi cike yake da yashi, yana dakushe haƙora nan da nan. In kaga gari na fita maimakon ɓarɓashi to ta dakushe. Sarƙar 3/8 ƙarama magagari mai 4.0 mm take so, ta 1/4 irin siririyar nan 3.2 mm, a kusurwar digiri 30, kuma kar ka zaftare 'yan tudun da ke gaban haƙoran fiye da 0.65 mm a ta 3/8, ko 0.45 mm a siririyar 1/4, wai don ta ci da yawa, fizgarka za ta riƙa yi a sama.

Sale_Mai_Igiya:

Baba na zaro filtar yanzu, tiyon ya tsage dab da inda ya shiga tanki, har fetur na tsatsa in na matsa shi. Fistin ɗin da ɗan zane guda siriri ta ɓangaren salansa amma farce baya kama shi. Zan canza tiyo da filta gobe in Allah ya kai mu in mayar da H yadda ka ce. In bayan haka silon ya ci gaba da hawa in na karkata shi, oyil sil ɗin irin na wane inji zan ce a ba ni, tunda nawa ba suna?

Baba_Makaniki:

Yawancin 'yan Chana masu cc 25 kwafin Zenoah G2500 ne, ka ce na 2500 kake so za su gane. Amma ka tafi da tsohon a hannu a gwada, kuma ka canza duka biyun, na ɓangaren kuloci da na ɓangaren fulawil.