Neman bayanin wani kyaftin Bature da wani sojan Indiya da suka yi Yaƙin Bama tare da kakana

Jikan Saje, Tudun Wada, Kaduna

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana tarihi da duk wanda ya taɓa yin irin wannan bincike. Kakana na wajen uba, Allah Ya jiƙansa, yana cikin sojojin Najeriya da aka kai Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma abin da ya bari a akwatinsa bai wuce littafin sallama wanda ruwa ya taɓa, da lambobin yabo, da wani tsohon hoto ba. A hoton yana tsaye tsakanin wani Bature da wani Ba'indiye mai rawani, kuma a bayansa an rubuta sunan Baturen tare da muƙamin kyaftin, sai sunan Ba'indiyen da kalmar havildar a gabansa, amma babu shekara, babu sunan wuri.

Abin da nake son sani shi ne inda ake ajiye takardun aikin sojojin Birtaniya da na Indiya na wancan zamani, da ko za a iya neman su daga nan Kaduna ba tare da an je Ingila ba, da kuma ko ana ba wanda ba ɗan'uwan mai takardun ba. Burina in san inda mutanen nan uku suka haɗu, domin ta haka nake fatan gane inda kakana ya yi yaƙi.

Malamin Tarihi, Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan kakanka. Malam, cikin mutanen nan uku Baturen ne ya fi sauƙin samu, domin hafsa ne, kuma gwamnatin Birtaniya ba ta ba mutum muƙamin hafsa sai ta buga sunansa a jaridarta ta hukuma, wato London Gazette, wadda ake iya bincika tsoffin fitowarta kyauta a intanet. A can za ka ga lambarsa ta soja da asalin rundunarsa, domin hafsoshin da suka jagoranci sojojinmu aro aka yi su daga rundunonin Ingila aka turo su rundunar Afirka ta Yamma da ake kira RWAFF. Sai dai kada ka ɗauka cewa kowane farar fata Ba'ingile ne, domin an kawo hafsoshi daga Rodeshiya ta Kudu, ƙasar da ake kira Zimbabwe a yau, an kuma kawo wasu 'yan Foland tun daga 1941, saboda haka ka dubi sunan da kyau.

Cikakken fayil ɗin aikinsa kuwa wani abu ne daban. Shekara da shekaru fayilolin sojan ƙasa na Yaƙin Duniya na Biyu suna hannun Ma'aikatar Tsaron Birtaniya a Glasgow, amma daga 2021 aka fara kwashe su tare da sauran tsoffin fayilolin soja, kusan miliyan goma gaba ɗaya, zuwa babbar ma'adanar takardun tarihi ta ƙasar da ke Kew a Landan. Ƙa'idarsu ita ce fayil ba ya buɗuwa ga kowa da kowa sai an cika shekara 115 da haihuwar mai shi. Kafin nan sai dai a nema a rubuce ta intanet, a haɗa da shaidar cewa mutumin ya rasu, kuma wanda ba ɗan'uwa ba yana iya samun wani ɓangare a ɓoye masa wani. Ana jira sosai kafin amsa ta zo. Duk da haka ka yi sa'a da yaƙi na biyu kake nema, domin takardun ƙananan sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya fiye da rabinsu sun ƙone a 1940, lokacin da bam ɗin Jamus ya faɗa kan ma'ajinsu a Landan.

A ganina ma ba wannan fayil ne zai biya maka buƙata ba, domin abin da ke ciki shi ne ranar ɗauka, da ƙarin girma, da sauyin wurin aiki, da kwanciya asibiti. Abin da kake buƙata shi ne kundin yaƙi na bataliyar, wanda doka ta wajabta wa kowace bataliya ta riƙa rubutawa kullum: inda ta kwana, da inda ta nufa, da wanda aka kashe ko aka raunata. A Kew, kundayen sojojin da ke Afirka ta Yamma suna ƙarƙashin lamba WO 173, na fagen Indiya da Bama kuma suna WO 172, sannan takardun da aka rubuta don neman a ba soja lambar jarunta suna WO 373, kuma waɗannan na ƙarshe ana iya sauke su ta intanet. Kundin yakan ambaci hafsoshi da sunayensu, har da jerin sunayensu a wasu watanni, amma ƙananan sojoji galibi da adadi ake ambatonsu. Idan ka ga sunan kyaftin ɗin a bataliyar da kakanka yake, to ka samu hanyar da suka bi tare, rana bayan rana. Mafi yawan waɗannan kundaye ba a sa su a intanet ba, sai dai a biya ma'adanar ta kwafa, ko a roƙi wani da ke Landan ya je ya ɗauki hotonsu da waya, abin da aka yarda a yi kyauta.

Tsohon Samanja, Kawo

Ɗana, abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma kafin ka aika wasiƙa Landan ka koma kan akwatin nan, domin ba a neman soja da suna, da lamba ake nemansa. Ka buɗe littafin sallamar a hankali ka nemi lambar da ta fara da haruffan NA, ka kuma nemi lambar bataliya. Dalili shi ne, a wancan zamani idan kurtu ya zo shiga soja, sau da yawa sunan garinsu ake liƙa masa a madadin sunan mahaifi, sai ka tarar da masu suna ɗaya da gari ɗaya sun fi a ƙirga, ga shi kuma magatakardan yana rubuta sunan yadda kunnensa ya ji. Wanda ku a gida kuka sani da suna kaza, a takarda yana iya zama wani mutum daban.

Sannan ka dubi kafaɗar rigarsa a hoton. Idan ka ga baƙin gizo-gizo, runduna ta 81 ke nan, wadda ta isa Indiya a 1943 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, a yankin Arakan da ke yammacin Bama. Idan ka ga māsu biyu a gicciye kan gammo, ta 82 ce, wadda ta biyo baya a 1944. Rundunonin biyu sun haɗu wajen ƙwace garin Myohaung a watan Janairun 1945. Gammon nan ba ado ba ne, domin a dajin Arakan galibi babu hanyar mota, dubban sojojinmu a ka suka ɗauki harsashi da abinci, jiragen sama kuma suna jefo musu kaya. Mu da muka yi aiki a barikin Dalet da na Kalapanzin a nan Kaduna, da yawanmu mun yi shekaru muna faɗin sunayen nan ba tare da sanin cewa wurare ne a Bama inda iyayenmu suka zubar da jini ba.

Game da lambobin yabon, idan akwai tauraro mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, shi ne Tauraron Bama. Kada ka yi mamaki idan babu suna a bayansa, domin haka Ingila ta raba su. Ka kuma leƙa ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya da gidan tarihin soja da ke Zariya, kuma idan akwai sauran tsofaffi a danginku da suka ji labari daga bakinsa, ka je ka naɗi muryarsu tun yanzu.

Hajiya Mai Nazari, Malali

Ina yi wa Malam da Baba Samanja barka da ƙoƙari. Ni zan tsaya ne a kan Ba'indiyen, domin a nan wahalar take, kuma gara mai tambaya ya san haka tun da wuri. Havildar daidai yake da saje, wato ba hafsa ba ne, saboda haka ba za a same shi a littafin jerin hafsoshin sojan Indiya ba, wanda yake ɗauke da Turawa da kuma Indiyawa daga muƙamin jemadar da subedar zuwa sama. Fayilolin hafsoshin Turawa na sojan Indiya suna babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan, cikin takardun tsohon Ofishin Indiya, amma na ƙananan sojoji Indiyawa ba a kai su Ingila ba. An bar su a cibiyoyin rundunoninsu, kuma da aka raba ƙasar a 1947 aka raba rundunonin ma, wasu suka zama na Indiya, wasu na Pakistan. Idan sunan mutumin na Musulmi ne daga Punjab, akwai yiwuwar takardunsa suna Pakistan; idan kuma sunan ya ƙare da Singh, ga rawani, to ta yiwu Basikhe ne, wato mabiyin addinin Sikh, sai a duba ɓangaren Indiya. Ko ta wane ɓangare, da wuya su saurari wanda ba dangi ba, balle wanda bai zo da lamba ba. Sojojin Indiya a wancan yaƙi sun kai kimanin miliyan biyu da rabi, dukkansu 'yan sa kai, don haka suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina.

Hanyoyin da suka rage biyu ne, kuma dukkansu kyauta ne. Ta farko ita ce shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila, wadda ake taƙaitawa CWGC, inda ake samun suna da lamba da runduna, wani lokaci har da sunan mahaifi da ƙauye, amma fa na waɗanda suka mutu ne kawai. A maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon na Bama akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma akwai Indiyawa da 'yan Afirka ta Yamma a cikinsu, kamar yadda akwai kaburburan sojojinmu a Chittagong ta ƙasar Bangaladash. Ta biyu ita ce WO 373 da Malam ya ambata, idan har an taɓa neman a ba shi lambar jarunta.

A nan ne nake ɗan saɓawa da Malam, wanda ya ɗora nauyin binciken a kan takardun Landan. Takardun nan hafsoshi ne suka rubuta su, kuma abin da ya dame su shi suka rubuta. Ita kanta hukumar kaburburan ta amsa a rahotonta na 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙi na farko, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, har ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. Muryar ƙaramin soja ta fi kusa da mu fiye da Kew: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta riƙa buga wasiƙun sojoji daga fagen daga, don haka ya kamata a tambayi tsoffin fitowarta a Gidan Arewa da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna.

Jikan Saje, Tudun Wada, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Baba, na bi shawararka na sake duba littafin, kuma na samu lambar mai farawa da NA, duk da cewa ruwa ya cinye adadi na ƙarshe. A wani shafi kuma an rubuta 7 NR. Kafaɗar rigar ba ta fito sosai a hoton ba. Shin wannan yana nufin a Kaladan ya yi yaƙi?

Malamin Tarihi, Unguwar Rimi

A'a, Malam, wannan ya sauya lissafin. Haruffan na nufin bataliya ta 7 ta rundunar Najeriya, kuma ita da ta 6 da ta 12 su ne birged ta 3 ta Afirka ta Yamma. Asalinta tana cikin runduna ta 81, amma an cire ta aka ba Janar Orde Wingate, ta zama cikin sojojin da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke da jiragen sama a bayan sahun Japanawa a arewacin Bama a 1944, kuma sunansu ne barikin Chindit na Zariya yake ɗauke da shi. Bataliyar Najeriya da ta je Kaladan tare da sojojin Gambiya da Saliyo ita ce ta 4. Muddin kakanka yana bataliya ta 7 a 1944, to sansanin da za ka riƙa cin karo da sunansa shi ne White City, kusa da Mawlu, wanda aka kafa don datse titin jirgin ƙasa da Japanawa ke bi da kayan yaƙi. Ka dai duba ranar da ke gefen wannan rubutu, domin ana sauya wa soja bataliya.

Wannan kuma ya taɓa batun Ba'indiyen. Sojojin Chindit galibinsu Ingilishi ne da Gurka (sojoji 'yan ƙasar Nepal) da 'yan Bama da kuma 'yan Najeriya, saboda haka ina kyautata zaton an ɗauki hoton ne a Indiya, ko lokacin horo kafin a shiga daji ko lokacin hutu bayan an fito, ba a fagen daga ba. Ka nemi kundin bataliya ta 7 na 1943 a WO 173 da WO 172, da na 1944 a WO 172, ka fara da shafukan watannin da suke sansani a Indiya, inda ake ambaton rundunonin da ke maƙwabtaka da su. Lambar da ta rasa adadi ɗaya kuwa ba ta ɓaci ba, tunda adadin da ya ɓace bai wuce ɗaya daga cikin goma ba, kuma idan aka haɗa ta da suna da bataliya za a iya tantance ta.