Ɗana shekara 7 har yanzu ba ya iya saka maɓallin riga, dan Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona shekararsa 7, wallahi kansa na ja, hadda ba ta ba shi wuya, amma hannunsa da ƙafarsa kamar ba nasa ba. In ya ɗauki kofin koko sai ya kelaya a riga, maɓalli ni nake saka masa, igiyar takalmi kam ba a magana, a fili ba dutse ba rami sai ya yi tuntuɓe. Fensir yana damƙe shi har takarda ta yage, layi 2 ya ce hannu na ciwo. Malaminsu ya ce ragwanci ne, kakarsa ta ce ni na sangarta shi. Jiya yara suka ƙi saka shi a ƙwallo, ya dawo ya raɓe bayan ƙofa ko uffan bai ce ba, abin ya tsaya min a rai.

Wata uwa:
Allah sarki. Bakwaini ne?

Mai tambaya:
Eh anti, wata 7 aka haife shi.

Wani baba:
Ki kwantar da hankali hajiya, yana girma zai daina da kansa.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi a asibiti:
Baba a yi haƙuri, binciken da aka bi yara masu irin wannan matsalar har girmansu ya nuna da yawa ba sa dainawa sai an taimaka musu. 'Yar uwa ba zan yanke hukunci daga nan ba, amma bayaninki ya yi kama da disfiraksiya, likitoci na ce mata DCD, wato ƙwaƙwalwa ce ke wahalar tsara motsi, tsoka lafiya lau, basira ma lafiya lau. Kusan yara 5 zuwa 6 cikin 100 na da ita, ta fi yawa a maza da bakwaini, kuma kusan rabinsu na haɗawa da rashin iya mai da hankali. Ba a cika tabbatarwa kafin shekara 5 ba, kin ga naki ya kai. Ki kai shi wajen likitan yara a asibitin koyarwa a fara duba ido da jijiya da tsoka, don akwai cututtukan da ke kama da ita, daga nan a auna shi, za a ba shi ya zura duwatsu a zare, ya cafe ƙwallo, ya tsaya da ƙafa ɗaya. Ba ta da ƙwaya ko allura. Abin da bincike ya fi goyon baya shi ne a koya masa ainihin aikin da ya gagare shi, akwai tsarin CO-OP da masana a Kanada suka fitar, yaro zai faɗi abin da yake son iyawa, ya tsara, ya gwada, ya duba ko ya yi. Ki fara da babban maɓalli, riga a shimfiɗe kan tabarma ba a jikinsa ba, ki tura rabi shi ya ƙarasa jawowa, minti 10 kullum ya isa.

Malamin firamare:
Na taɓa samun irinsa a ajina. Ki je da kanki ki roƙi malamin ya rage masa kwafar allo, ya riƙa tambayarsa da baki, ki sai masa fensir mai kauri ko ki naɗa masa roba. Bulala kuma dan girman Allah a ajiye ta, tsoro ƙara rikita hannun yake.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da daddare zan nuna wa babansa, Litinin in sha Allahu mu je a yanki kati.