'Yar ƙanwata ta daina magana, in kai ta Yamai?

Maman Biyu (Tahoua): Salamu alaikum 'yan uwa. 'Yar ƙanwata ce a hannuna, shekara 7. 'Yan bindiga suka kashe iyayenta wajen Sabon Birni, maƙwabta suka tsallako iyaka da ita zuwa Bangui ta nan Nijar, can na ɗauko ta. Wata huɗu ke nan ba ta amsawa sai da ka. Da ta ji ƙarar moto sai ƙarƙashin gado, ga fitsarin kwance. Rubutu ta sha, tofi an yi. In kai ta Yamai wurin likitan ƙwaƙwalwa, ko in maida ta wajen kakarta?

Ɗan Ader: Allah ya jiƙan iyayenta. Hajiya, a yi mata rubutu.

Maman Biyu: Malam, ai na ce ta sha.

Inna: Ɗiyata, ni na riƙi ɗa bayan harin Tillia na 2021. Kowa ya ce yaro ne, zai manta. Bai manta ba. In ya jiƙa tabarma maigida ya ɗauko bulala, 'ya'yan kishiya su yi ta masa waƙa. Tuwo yake ɓoyewa cikin aljihu har ya yi tsami, ni kuma ina faɗa, ban gane tsoron yunwa ba ne. Ran nan da asuba na tarar da takalmansa a bakin ƙofa, shi babu. Har yau suna nan ajiye.

Ɗan Tasha: Ganin likita a Yamai jika biyar ne.

Ƙanwar Kowa: Wace jika biyar? Mu jika goma sha biyar muka biya, ban da kuɗin mota da masauki.

Sarkin Zolaya: Ni ma in na ji moton mai gidan haya ƙarƙashin gado nake shigewa.

Inna: Kai yaro, ba ka da ta ido?

Malamar Lakwal: Yaya, kada ki sake canza mata gida, kuma kada a matsa mata sai ta ba da labari. Ki kwana kusa da ita, ki ba ta takarda da fensir. Ki tambayi ma'aikatan HCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, suna da masu kula da yara irinta.

Ɗan Ader: Malama, kin taɓa riƙon maraya ko karatu ne kawai?

Ƙanwar Kowa: Kuma yarinyar na da katin 'yan gudun hijira? Mu da muka sauki baƙi a gida, sau uku ana rubuta sunayenmu, ko tiya ɗaya ta hatsi ba mu gani ba.

Ɗan Tasha: Wa ya rubuta ku? Mu mai unguwa ma bai zo ba.