Motata tana tafasa a hawan Mambila, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da ƙanena mun ɗaura tanti da risho a bayan mota muka kama hanyar Gembu daga Jalingo, da niyyar mu riƙa kwana a ƙananan garuruwan kan tsaunin. Bali da Serti duk mun wuce lafiya lau. Muna barin Mayo Selbe muka fara hawan dutsen nan mai kwana-kwana, sai allurar zafi ta miƙe, lagireto ya tafasa har tururi yana fita ta gefen bonet. Sau uku muna tsayawa mu jira ya huce kafin mu ƙara ruwa.

Wani bakanike ya wanke lagireton, ya sauya fanbel da murfi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya shiru kake ji, amma da an taɓa hawa a giya biyu sai abin ya dawo. Ban ga ruwa a cikin baƙin mai ba, kuma fanka tana juyawa.

Yanzu muna Nguroje, sanyi da hazo sun hana mu barci a tantin, ga shi ina so in kai yaron nan gonar shayi ta Kakara. Don Allah direbobin wannan hanya, me zan sa a duba kafin mu ci gaba?