Don Allah a taimaka min, wane burauza ne yake karɓar ekstenshan a waya?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan guruf, barkanmu da yamma. Don Allah masana waya ku ba ni shawara. Ina karatun ƙarshen mako a nan Kano kuma ina ɗan taɓa saida atamfa da leshi ta onlayin, da can a laftof nake komai, ƙanina ya sa min wasu abubuwa a Chrome da yake ce musu ekstenshan, ɗaya yana tare talla ɗaya kuma yana mayar da shafi baƙi in zan yi karatu da daddare. To laftof ɗin ya kwanta kuma kuɗin da aka yanka min na gyara ba na yanzu ba ne, shi kuma ƙanin nawa ya tafi bautar ƙasa ba kullum ake samunsa ba, shi ne na koma waya. Na duba Chrome ɗin wayar sama da ƙasa ban ga inda ake sa su ba. Wallahi tallan ya ishe ni, ka buɗe shafi ɗaya don karanta abu sai tallan caca ya rufe rabin sikirin, wani sa'in har da hotunan da ba su dace ba ga yara suna ɗaukar wayar, ga data tana tafiya kamar me. Wata ƙawata ta turo min wani fayil daga Telegram wai Kiwi sunansa wai yana karɓar komai, ban buɗe ba tukuna don a wayar nake tiransfa da karɓar kuɗin kwastomomi. Wayar Tecno ce, ram ɗinta 3. In sa ko kar in sa? In kuma akwai wanda ya fi shi a faɗa min. Na gode, Allah ya saka.

Abba Kurna: Wa'alaikumussalam. Anti daina wahalar da kanki da nema, Chrome na Android ba ya karɓar ekstenshan kwata-kwata, na kwamfuta ne kawai yake karɓa. Ba wayarki ba ce da matsala, ko wayar miliyan kika siya haka za ki gan shi.

Sadiq mai gyaran waya, Farm Centre: Hajiya wannan fayil ɗin goge shi yanzun nan, kar ma ki taɓa shi. Kiwi ɗin da kansa burauza ne na gaskiya, mun yi amfani da shi sosai a da don yana ɗaukar ekstenshan na Chrome Web Store kai tsaye, amma a farkon 2025 mai shi ya sanar ya daina aikin kuma an cire shi daga Play Store. Ma'ana ba afdet, duk wata ɓaraka ta tsaro da aka gano bayan nan tana nan a buɗe ba mai toshewa. Wannan ma in na asalin ne kenan. Wanda ake yawo da shi a Telegram wa ya san me aka cusa a ciki? Ana yawan kawo mana waya a shago talla tana fitowa ko ba a buɗe komai ba, batir yana zafi, in ka bincika sai ka tarar da wani af mara suna mara hoto can ƙasan jerin, ka tambayi mai wayar ya ce wani ne ya turo masa. Wayar da ake tiransfa da ita ba a wasa da ita haka.

Ki shiga Play Store ki sauke Firefox, ki tabbata an rubuta Mozilla a ƙarƙashin sunan. In kin buɗe ki danna ɗigo ukun nan, za ki ga Extensions, a wasu tsofaffin kuma Add-ons aka rubuta, ki shiga ki danna alamar ƙari a gefen uBlock Origin, shi ne mai tare talla, ki yarda. Shi kenan, ba sai kin saita komai ba.

Maman Hanifa: Malam Sadiq na goge. Amma Firefox ɗin nan ba shi ne aka ce ya daina karɓar ekstenshan ba? Na taɓa jin ƙanina yana mita a kai.

Injiniya Bello: Ƙaninki bai yi ƙarya ba Hajiya, tsohon labari ne dai. A 2020 Mozilla sun sake gina Firefox na Android daga tushe, sai suka bar 'yan ekstenshan ƙalilan da suka zaɓa, mutane suka yi ta ƙorafi shekara da shekaru. A watan Disamba na 2023 suka buɗe ƙofa, sama da 450 suka shigo a lokaci guda kuma ana ta ƙaruwa tun daga nan. Don haka a yau in ana maganar manyan burauza a Android wanda ya fi sakin jiki da ekstenshan shi ne.

Kuma wani abu da mutane ba su lura da shi ba, ko laftof ɗinki ya tashi gobe ba lallai ki tarar da abin yadda kika bar shi ba. Google sun canza tsarin ekstenshan na Chrome zuwa wanda suke kira Manifest V3, tun 2024 suka fara kashe masu tsohon tsari, cikakken uBlock Origin yana cikin waɗanda abin ya shafa, sai dai ƙaraminsa uBlock Origin Lite wanda bai kai shi ƙarfi ba. Su dai sun ce don tsaro da sauri ne. Ni dai abin da na sani mafi yawan kuɗin Google daga talla yake fitowa, kowa ya yi lissafinsa. Firefox bai kashe masu tsohon tsarin ba shi ya sa cikakken yake aiki a kansa har a waya.

Ki kula da suna fa, akwai wani uBlock kawai ba Origin, daban ne. Na gaskiyan za ki ga sunan Raymond Hill a matsayin wanda ya yi shi.

Abba Kurna: Oga Bello ni fa ban yarda a ce wa mai ram 3 ta sa Firefox ba, yana da nauyi wallahi. Brave kawai za ta sa, yana zuwa da abin tare tallansa a ciki ba sai an ƙara komai ba, kuma injinsa ɗaya da Chrome don haka duk shafin da ya buɗe a can zai buɗe a nan. Ko ma Opera Mini in data ce damuwar, tun zamanin Nokia muke tare.

Sadiq mai gyaran waya, Farm Centre: Abba ram 3 yana ɗauka lafiya lau in ba a tara masa shafi hamsin a buɗe ba. Shafin da aka cire wa talla ai ya fi sauƙi a kan waya, tallan ne mai bidiyo da motsi yake cin ram ɗin. Brave ba laifi, ina sa wa dattawan da ba sa son dogon bayani. Amma ita ekstenshan ta tambaya kuma tana son na baƙin shafi ma. Opera Mini kuwa yana matse shafin ne a can wajensu kafin ya iso wayarka, yana rage data ƙwarai amma in ka sa shi a matsewa mai tsanani wasu shafukan cike fom sai su rikice.

Ummi 'yar Dorayi: Ni tambayata daban, na sa wannan uBlock ɗin tun tuni amma har yanzu talla tana faɗo min ta sama kamar saƙo, wai na ci kyauta wai wayata ta kamu da bairos. Ashe ba ya aiki kenan

Injiniya Bello: Yana aiki Ummi, wannan ta wata ƙofar yake shigowa. Akwai ranar da kika buɗe wani shafi ya tambaye ki Allow ko Block kika danna Allow don ya ba ki wuri, to izinin turo miki sanarwa kika ba shi. Buɗe Chrome, ɗigo uku, Settings, Site settings, Notifications, za ki ga jerin shafukan da aka ba izini da wasu sunaye marasa kan gado, ki cire su duka. Maman Hanifa ke ma ki duba naki.

Dama ya kamata a gane iyakar abin. Ekstenshan a cikin burauzar da aka sa shi kaɗai yake aiki. Tallan cikin gem ɗin yara, ko na af ɗin YouTube, ko wanda yake fitowa a kan sikirin in waya tana kulle, duk ba ruwansa da su. Haka in kin danna linki a cikin Facebook, a ɗan burauzar Facebook ɗin yake buɗewa, sai kin danna ɗigo uku kin zaɓi a buɗe a burauzar waje sannan Firefox zai karɓa. Ki kuma shiga setin ki mayar da Firefox ya zama shi ne na farko da waya za ta dinga buɗe linki da shi, in ba haka ba na WhatsApp duk Chrome za su dinga tafiya ki ce ba a yi komai ba.

Malam Nura, Gwale: Tunda an ambaci yara bari in sa baki. Akwai abin da ake kira Private DNS a Android 9 zuwa sama, yana cikin setin wajen Network, in ba ki gani ba ki rubuta DNS a wajen bincike na setin. In kika rubuta family.adguard-dns.com a ciki yana tare talla da yawa har a cikin wasu af, yana kuma toshe shafukan batsa. Shi na sa a wayar gida. Ba ya tare tallan YouTube, kuma su masu DNS ɗin suna ganin sunayen shafukan da wayar take nema, wannan kuma sai mutum ya auna. In wani abu ya ƙi buɗewa a mayar da shi Automatic a gwada.

Maman Hanifa: Kai Allah ya saka da alheri, na duba wajen sanarwar nan na tarar da su jere, na share. Na sa Firefox da uBlock ɗin kuma gaskiya shafin da nake karanta darasi ya buɗe fes. Yanzu na ga wasu da yawa a jerin, akwai na sauke bidiyo akwai na VPN kyauta akwai na fasuwod, in zuba su duka ne?

Sadiq mai gyaran waya, Farm Centre: A'a Hajiya, nan ne ake samun matsala. Lokacin da kika sa uBlock ba ki ga ya nemi izinin ganin bayananki a duk shafuka ba? Yawancinsu haka suke nema. Kamar yaron shago ne da kika ba makulli, yana ganin wanda ya shigo da abin da aka siya da inda kike ajiye ciniki, in amintacce ne alhamdulillahi, in ba haka ba kuwa sai dai ki ji labari. Kuma ko amintaccen ma yana iya canza hannu. Akwai wani mai suna The Great Suspender da mutane da yawa suke amfani da shi a Chrome, mai shi ya sayar wa wani, a 2021 Google suka cire shi saboda an samu mugun abu a ciki. Stylish ma a 2018 an cire shi daga Chrome da Firefox saboda yana tattara tarihin shafukan da mutane suke shiga. Duk a shagon hukuma suke fa ba a Telegram ba.

Ki tsaya a biyu, uBlock Origin da Dark Reader na baƙin shafin, ki dinga duba masu tambarin Recommended don su Mozilla suna bin su da kansu. VPN na kyauta ki bar shi inda kika gan shi. Harkar banki kuma ki yi ta a af ɗin bankin, kar ki shiga ta burauza.

Injiniya Bello: Dark Reader ɗin ma ki gwada ki gani, yana ɗan ja wa ƙaramar waya nauyi. In ya dame ki ki cire, Firefox yana da yanayin karatu nasa, wata 'yar alama kamar takarda a gefen adireshi, kina dannawa sai rubutu zalla ya rage kuma kina iya mayar da bayan baƙi ki ƙara girman rubutu. Kar kuma wani ya ce miki baƙin yana rage cin batir, wannan a sikirin AMOLED ne mai kashe haske a wajen baƙi, a sikirin LCD kuwa fitilar baya tana kunne ko baƙi ko fari, ido kawai yake hutarwa.

Batun data, tunda aka amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a Janairun 2025 kowa yana ji a jikinsa. A setin na uBlock akwai wajen hana manyan hotuna da bidiyo buɗewa sai kin danna su da kanki, ki kunna shi lokacin karatu. Amma ke mai duba atamfa ce, in kika bar shi a kunne za ki ga ramuka a wajen hotunan kaya ki zata netwok ne.

Hajiya Turai: Mu masu iPhone fa an manta da mu? Na sauke Firefox ɗin yanzu ban ga Extensions ɗin da kuke faɗa ba.

Injiniya Bello: Ranki ya daɗe ba za ki gani ba, Firefox na iPhone ba ya ɗauka. Ku naku a Safari yake, tun iOS 15 a 2021. Daga App Store ake sauke su kamar af, misali AdGuard, sannan ki shiga setin na Safari wajen Extensions ki kunna. Masu Samsung kuma burauzar Samsung Internet tana da wajen ƙara masu tare talla, Edge na Android ma ya fara karɓa.

Abba Kurna: Toh na ji, amma Anti kar ki goge Chrome dai. Ranar da za ki biya kuɗin makaranta ko ki cire risit a fotal za ki neme shi, wasu shafukanmu da Chrome kaɗai aka gwada su. Ga fassarar shafi zuwa Hausa da yake yi duk da wani sa'in Hausar tasa sai a hankali.

Maman Hanifa: Ai ma ba ya goguwa Abba, da wayar ya zo. Amma ga shi tun yanzu na shiga fotal ɗin makarantarmu ta Firefox maɓallin biyan kuɗin ya ƙi dannuwa, in cire uBlock ɗin ne?

Sadiq mai gyaran waya, Farm Centre: Kar ki cire. Kina kan shafin ki danna ɗigo uku, Extensions, uBlock Origin, za ki ga wani babban maɓalli shuɗi irin na kunna wuta, ki danna shi ya dushe sannan ki sake loda shafin. A wannan shafin kaɗai zai kashe kansa kuma zai riƙe, sauran suna nan a tsare. In duk da haka ya ƙi to bi maganar Abba ki biya ta Chrome, ki kuma ɗau hoton risit ɗin kafin ki fita.