Neman kalma: manifol, gaskit da kulant, me za mu kira su da Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina neman masana Hausa da masu riƙe sifana. Makon jiya na lura ruwan lagireton motata yana raguwa, kullum sai na ƙara, amma ko ɗigo babu a ƙasa. Da na zaro sandar awon baƙin mai sai na ga man ya yi fari-fari, ya yi kauri, har da kumfa a cikin murfi. Bakanike ya ce gaskit ɗin intek manifol ne ya ci. An gyara, Alhamdu lillahi. Amma da na zauna zan yi wa mahaifina bayani, sai na ji bakina ya cika da Turanci, shi kuwa yana ta kallona. Kalma uku suka gagare ni: manifol, gaskit, kulant. A taimaka.

Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, kafin a raɗa wa yaro suna a fara ganin fuskarsa. Manifol ɗin nan wani ƙarfe ne, a sababbin motoci kuma roba mai tauri, da ke zaune a kan inji. Iska tana shiga ta baki ɗaya, wajen totur, sai ta rabu gida-gida, kowace silinda da hanyarta. A injuna da yawa masu siffar V, ruwan sanyaya inji ma ta jikinsa yake ratsawa daga wannan kai zuwa wancan, ƙarƙashinsa kuma mai ne ke fantsama. Gaskit shi ne ɗan siririn abin da ake shimfiɗawa tsakaninsa da kan silinda don kowa ya tsaya a hanyarsa. In ya ci ta ɓangaren iska, mota ta riƙa rawa a tsaye, wani lokacin ka ji fito. In ya ci ta ɓangaren ruwa, ko ya tsiyaye waje, ko ya gangara cikin mai, irin naka. Naka ne mugun, domin man da ya sha ruwa cinye metal yake yi, wato 'yan ƙarafen da sandar inji ke juyawa a kansu.

Malamar Hausa: Madalla, Oga, ai ka gama mana rabin aikin. Hanya ɗaya da ta rabu gida-gida Bahaushe yana da sunanta tun da can: mararraba. Ina ba da shawarar a ce mararrabar iska. Ɗan'uwansa na ɓangaren salansa, wanda ke tattara hayaƙin silindu ya haɗe su bututu ɗaya, sai ya zama mahaɗar hayaƙi. Bature kalma ɗaya ya ba su duka biyun, mu kuwa sai mu fi shi, don sunan ma ya nuna inda abin ya dosa.

Wani direba: Malama, ni da na fi son "maƙogwaron inji".

Bakanike: Maƙogwaro bututu ɗaya ne, Yallaɓai. Ka ajiye shi, zai dace da gidan totur. Ni na bi mararraba.

Mai tambaya: To gaskit fa? Na so in ce "toshiya", sai na tuna abin da mutane za su ji.

Malamar Hausa: Ka kyauta da ka tuna, kar a ce bakanike ya karɓi toshiya. "Matoshi" na bakin kwalba ne, rami yake cikewa, shi kuwa wannan shimfiɗe yake, da ramuka ma a jikinsa. "Liƙi" kuma zai sa a zaci gam ake nufi. Na yi tunanin "gammo", tunda yana zama tsakanin abu biyu masu matse juna, amma gammo ba ya hana yoyo. Gaskiya ni dai a bar gaskit. Ya zauna a baki kamar yadda fulogi da bawul da fistin suka zauna, babu wanda ya nema musu fassara.

Bakanike: Maganar gam ɗin nan a ja mata layi. Da yawa suna lafta gam ko'ina su ɗaure, bayan wata biyu mota ta dawo. A kankare fuskokin biyu tas ba tare da an karce su ba, a toshe ramuka da tsumma kar datti ya faɗa, a sa sabon gaskit, gam kuma sai inda littafin motar ya ce, galibi a kusurwoyi da bakin gaba da na baya. Ɗaurin kusoshi daga tsakiya ake farawa a yi waje, a hankali, zagaye biyu ko uku, da sifana mai awo. Sannan a zubar da man nan, a sa sabon mai da sabuwar filta. Wanda ya gyara gaskit ya bar tsohon mai bai gama aiki ba.

Mai tambaya: Saura babbar, kulant. Kowa "ruwan lagireto" yake cewa. Me zai hana a bar shi?

Wani ɗalibin kimiyya: Ni nan ne nake da ja, Malam. Kalmar "ruwa" ita ke sa mutum ya ɗebo na famfo ya tuttula, ya ga ai ya cika umarni. Alhali abin haɗi ne: ruwa tatacce da etilin gilaikol, galibi rabi da rabi, da 'yan sinadaran hana tsatsa. Wannan haɗin ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos, kuma da murfin lagireto mai kyau yakan kai kusan digiri 129 kafin ya tafasa. Wanda ke inda ba a ƙanƙara zai ce ina ruwansa, amma tsatsa ba ta tambayar yanayi. Ruwa zalla yana cin alminiyom, yana tara gishiri a cikin lagireto, yana kashe famfon ruwa.

Wani direba: A ce "ruwan sanyi" mana, gajere.

Wani ɗalibin kimiyya: Subhanallah, a'a! Gilaikol guba ne, ga zaƙi a baki, ga launi mai jan idon yara. Galan ɗin da aka rubuta wa "ruwan sanyi" ai tarko ne.

Malamar Hausa: Kai ka faɗi kalmar da bakinka ba ka lura ba, ɗana. Ka ce haɗi ne. To haɗin lagireto. Duk wanda ya ji "haɗi" ya san ba abu ɗaya ba ne, kuma zai tambaya wane iri. Wanda ba a sirka ba a ce "tsagwaron haɗi", wanda aka riga aka sirka a ce "sirkakke".

Bakanike: Wannan tambayar ta "wane iri" ita nake so. Mutane launi suke bi: a ba ni kore, a ba ni ja. Launi rini ne kawai, kamfani biyu suna iya rina abu daban-daban da launi ɗaya. Tsohon koren nan mai silikat wajen shekara 2 yake yi a sauya. Dex-Cool mai ruwan lemo, wanda General Motors ya fara zubawa a tsakiyar shekarun 1990, an ce shekara 5 ko mil 150,000. A kansa ne ma masu motoci a Amurka suka kai ƙara saboda yoyon gaskit ɗin manifol a injuna irin masu lita 3.1 da 3.4, aka sasanta a 2008. Toyota na da nasa mai ruwan hoda, Volkswagen na da G12 da G13. Abin bi shi ne lambar da ke littafin motar. In ba ka san abin da ke ciki ba, a zubar duka, a wanke, a zuba iri ɗaya. Kuma kar a taɓa murfin lagireto sai inji ya huce.

Mai tambaya: Bari in gwada a jumla: "Baba, gaskit ɗin mararrabar iska ne ya ci, haɗin lagireto ya gangara cikin baƙin mai." Na karanta masa yanzu. Ya ce ya gane, sai dai ya tambaya wa ya haɗa haɗin.

Wani direba: Ku gaishe da Baba. Amma a rubuta cewa maƙogwarona yana nan, an ce za a ba shi gidan totur.